Ɗinkin Sallah a Birnin Zariya: Yadda Manhajar Tsara Aiki Ke Ƙirga Kwanaki Daga Baya

Duk wanda ya shiga cikin birnin Zariya ta Ƙofar Doka a goman ƙarshe na watan azumi ba ya buƙatar duba kalanda kafin ya san Sallah ta ƙarato. Kunnensa zai gaya masa. Daga Babban Dodo zuwa Kwarbai, ƙarar keken ɗinki da ta ƙaramin janareta ba sa tsayawa har a kira assalatu, ga kuma dukan masu bugu yana tashi daga zaure kamar ana daka. A ƙofar shago akwai benci, a kan bencin akwai mutum uku ko huɗu da suka zo tun bayan tarawihi, kowa yana hango ledar da yadinsa ke ciki, har yanzu almakashi bai taɓa shi ba.

Amsar da suke samu ba ta canzawa: “Alhaji, a yi haƙuri, gobe war haka in sha Allahu.”

Mutane sun riga sun yanke wa tela hukunci, wai shi ba ya cika alkawari. Amma a mafi yawan lokuta ba a daren nan aka karya alkawarin ba. An karya shi tun ranar da aka karɓi yadin, makonni uku baya, lokacin da babu wanda ya zauna ya ƙirga ko kwanakin da suka rage za su ɗauki aikin. Shaguna da yawa littafi ɗaya suke da shi, mai ɗauke da suna da awo da kuɗin kafin alƙalami. Littafin yana faɗin wanda ya kawo da abin da ya biya. Ba ya faɗin ranar da ya kamata a daina karɓa.

Wannan tambayar, wato yaushe ne ƙarshen lokacin da za a iya farawa, ita ce abin da manhajojin tsara aiki irin su Microsoft Project da ProjectLibre suka fi iya amsawa. An yi su ne don masu gina gada da masu haɗa manhaja, amma lissafin da ke cikinsu bai san gada ba, bai san riga ba. Abin da ya sani shi ne ayyuka, tsawon kowanne, da wanda ke jiran wani.

Wa'adin da ba ya ja da baya, amma yana iya zuwa da wuri

Yawancin ayyuka ana tsara su ne daga gaba: yau aka fara, manhaja ta jera ayyukan, ta ce ga ranar gamawa. In ranar ba ta yi ba, sai a roƙi mai aiki ya ƙara mako guda. Sallah ba ta cikin wannan sahun. Ranar da Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli zai fito filin idi, ranar ce, kuma mahayin da rigarsa ba ta iso ba ba za a ɗage masa hawa ba. Haka yaron da aka yi wa alkawarin sabon kaya.

Sai dai wa'adin Ƙaramar Sallah yana da wata ɗabi'a da babu ita a littattafan koyon manhaja. Ba rana ɗaya ba ce, rana biyu ce, kuma ba a sanin wacce sai daren ashirin da tara, bayan sanarwar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar III. A 2023 an fara azumi a Najeriya ranar 23 ga Maris, aka yi Sallah ranar Juma'a 21 ga Afrilu, azumi 29 ke nan. A 2024 an cika talatin, daga 11 ga Maris zuwa Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. A 2025 aka sake yin 29: an ɗauki azumi Asabar 1 ga Maris, aka sauke Lahadi 30 ga Maris. Sau biyu cikin shekara ukun nan, wanda ya yi lissafinsa a kan talatin ya wayi gari an zare masa yini guda da dare guda, kuma su ne mafi tsada a shekararsa.

Saboda haka ranar da za a rubuta a manhaja ba ranar Sallah ba ce, ba kuma jajibiri ba ce. Ana ɗaukar cewa azumi 29 za a yi, sannan a sake ja da baya da kwana biyu, domin mai kaya ya gwada, in hannu ya yi tsawo a rage. Ashirin da bakwai ga azumi ke nan. In wata ya cika talatin, ranar da ta ƙaru kyauta ce.

Wani abin lura kuma, shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Wanda ya kwafi jadawalin bara da ranakunsa ya manna a bana, ya fara da latti tun bai taɓa komai ba. Jadawalin da zai yi amfani kowace shekara shi ne wanda rana ɗaya tak aka rubuta da hannu a cikinsa, sauran duk lissafi ne ya fitar da su daga ita.

Riga ɗaya, hannu da yawa

Birnin Zariya ya yi suna a babbar riga mai aikin hannu, irin su aska biyu da aska takwas, har masu bincike daga waje kamar Elisha Renne ta Jami'ar Michigan sun yi rubutu a kan sana'ar. Abin da mai saye ba ya gani shi ne rigar ba a shago ɗaya take zama ba. Wani ne ke yanka, wani ke zana fasalin aikin a jikin yadi, daga nan a kai ta cikin gida, inda mata da yawa a birnin ke ɗinkin da allura da zare. In ta dawo tela ya haɗa, a wanke a sa sitaci, sannan masu bugu su daka ta a kan gungume har ta ɗauki ƙyalli. Kowane mataki yana jiran na gabansa. Ba a zane kafin yanka, ba a bugu kafin wanki.

A manhaja, wannan jiran shi ne komai. Ana rubuta kowane aiki a layinsa, a ba shi tsawonsa, a ɗaure shi da wanda yake jira. Ga misali da lambobin da aka zaɓa don sauƙin lissafi kawai, kowane shago zai sa nasa: yanka kwana 1, zane kwana 2, aikin hannu matsakaici kwana 14, haɗawa kwana 2, wanki da shanya kwana 1, bugu tare da layin da ake bi a wurin masu bugu kwana 2. Jimla kwana 22 na aiki. Manyan riguna na sarauta suna cin fiye da haka nesa ba kusa ba, amma a bar shi a haka.

Shekarar 2025 ta zo da sauƙin misali, domin 1 ga azumi ta faɗo a 1 ga Maris, kwanan wata ɗaya ne a kalandar biyu. Ranar miƙa kaya Alhamis ce, 27 ga Maris. In aka ware Juma'a a matsayin ranar da ba a aiki, aka ƙirga kwana 22 da baya, sai a sauka a kan Litinin 3 ga Maris. Ma'ana, uku ga azumi almakashi ya shiga yadin, in ba haka ba rigar ba za ta fita a kan lokaci ba, kuma wannan in babu abin da ya faru a hanya ke nan.

Yanzu a ɗauka wani ya kawo irin wannan aikin ranar goma ga azumi, ya ajiye kuɗi masu kauri. A ido, saura kusan kwana ashirin, akwai lokaci. A lissafi, rigar za ta fito ranar 3 ga Afrilu, rana ta biyar da Sallah, an gama Hawan Bariki da Hawan Daushe an kwance wa dawaki sirdi. Kuma ko wannan sai in masu ɗinkin sun yi aiki ranar idi, abin da ba zai faru ba. Manhaja za ta nuna wannan da lamba ɗaya mai alamar ragi: −6. Bashin kwana shida na aiki, tun ranar farko.

Ba duk ayyukan ne ke da wannan matsin ba. Wando da 'yar ciki, in suna cin kwana 2, abin da ake buƙata kawai su kasance a shirye kafin ranar wanki. Suna da sararin kwana 16, ana iya yin su yau ko a bari sai mako na uku ba tare da komai ya lalace ba. Amma jerin yanka, zane, aikin hannu, haɗawa, wanki da bugu ba shi da sarari ko na yini ɗaya. Wannan jerin, mafi tsawo a cikin aikin, shi ne ƙashin bayan jadawali, kuma manhajoji kan nuna shi da jan launi. Injiniyoyi biyu a Amurka, James Kelley na kamfanin Remington Rand da Morgan Walker na DuPont, su suka tsara hanyar lissafa shi a 1957. Zanen sanduna a kwance da ake gani a allon manhajar ya girme shi, sunan Henry Gantt yake ɗauke da shi, wanda ya yaɗa shi a shekarun 1910.

Amfanin sanin ƙashin bayan a fili yake. Maigidan shago da ya zauna yana ɗinka wanduna a ranar uku ga azumi alhali rigar ba ta je wurin mai zane ba, yana aiki tuƙuru, gumi yana zuba, amma a wurin da bai kamata ba.

Kalandar manhaja ba ta san azumi ba

Microsoft Project yana zuwa da kalandar ofishin Turai: Litinin zuwa Juma'a, takwas na safe zuwa sha biyu, sannan ɗaya zuwa biyar na yamma, Asabar da Lahadi hutu. Babu shago ɗaya a birnin Zariya da ke aiki haka. Wanda bai gyara wannan kalandar ba kafin ya shigar da ayyuka, duk ranakun da za ta ba shi na wata ƙasa ne.

Gyaran kuma ba na ranaku kaɗai ba ne. Daga 2023 zuwa 2025 azumi ya faɗo a tsakanin Maris da Afrilu, tsakiyar zafi. Aikin rana yana raguwa, na dare yana ƙaruwa. Matan da ke aikin hannu su ne kuma ke girkin buɗa baki da na sahur, ga allura tana son haske. A goman ƙarshe akwai tahajjud, akwai masu shiga i'itikafi. Ga wuta, wadda ba ta sanar da zuwanta ko tafiyarta, kuma injin aikin kwamfuta da dutsen guga ba sa tashi sai da ita ko da fetur. Aikin da ke cin kwana goma a watan Rajab ba lallai ya ci goma a azumi ba. Lambar da za a shigar ita ce wadda littafin bara ya nuna an yi, ba wadda ake fata ba.

Ga wanda ba shi da kwamfuta, Google Sheets a waya ya isa ya yi ƙirgen baya. In ranar miƙa kaya tana cikin akwatin A1, sai a rubuta a wani akwatin:

=WORKDAY.INTL(A1,-21,"0000100")

Lambobi bakwai ɗin nan ranakun mako ne daga Litinin zuwa Lahadi, sifili ranar aiki, ɗaya ranar hutu, kuma na biyar shi ne Juma'a. Shagon da ke aiki ranar Juma'a sai ya mai da su duka sifili. An sa 21 maimakon 22 ne saboda ranar miƙawar ita ma ranar aiki ce, ta riga ta shiga ƙirge. Wannan kuskuren na kwana ɗaya yana kama har waɗanda suka daɗe suna rubuta manhaja. Da 27 ga Maris 2025 a A1, amsar za ta fito 3 ga Maris. Excel ma ya san wannan umarnin.

Tarkon buga ƙusa

A nan ne masu fara amfani da manhajar suka fi faɗawa rami, kuma ramin yana kama da hanya.

Mutum yana da ranar da ba ta motsi, to abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya tilasta wa manhaja ita. A Microsoft Project akwai zaɓin da ake kira Must Finish On, wato dole aiki ya ƙare a rana kaza. Yana buga aikin a jikin kalanda kamar ƙusa. Matsalar ita ce, a yadda manhajar take zuwa, ƙusar ta fi ƙarfin ɗaurin da ke tsakanin ayyuka. In aikin hannu ya makara da kwana huɗu, sandar bugu ba za ta matsa ba, tana nan zaune daram a kan 27 ga wata. Allon zai nuna ana bugun rigar da ba a gama ɗinkawa ba. Manhajar takan yi gargaɗi, amma gargaɗi ne irin wanda yatsa ya saba rufewa bai karanta ba. Daga nan jadawalin ya zama kamar telan da ke cewa gobe war haka.

Akwai ƙananan ƙusoshi da mutum ke bugawa bai sani ba. Duk lokacin da ya rubuta ranar farawa ko ta gamawa da hannunsa a aikin da manhajar ke tsarawa da kanta, sai ta ɗaura wa aikin sharaɗin kada ya fara, ko kada ya ƙare, kafin wannan ranar. In aka yi haka a layi ashirin, jadawalin ya daina lissafi, ya koma kalandar bango. Ko an gama zane da wuri, aikin hannu ba zai matso gaba ba.

Abin da ya dace shi ne wani akwati daban mai suna Deadline. Shi ba ya riƙe aiki. Yana sa 'yar kibiya a kan ranar, ya bar ayyuka su zame yadda gaskiya ta tura su. Ranar da sandar ƙarshe ta tsallake kibiyar, sai jan alama ya fito, sararin kwanaki ya koma ragi. Wannan ragin ba lalacewar manhaja ba ce da za a nemi yadda za a ɓoye. Shi ne dalilin buɗe ta tun farko. Labari mara daɗi a ranar biyar ga azumi ana iya yin wani abu a kansa, na daren ashirin da takwas kuwa sai dai kashe waya.

Ƙa'idar a taƙaice: rana ɗaya a akwatin wa'adi, sauran duka tsawon aiki da ɗauri. Ƙusa sai ga abin da da gaske ba a hannun mutum yake ba, kamar ranar da shadda za ta iso daga Kantin Kwari.

Akwai kuma zaɓin da ke sa manhajar ta tsara aikin gaba ɗaya daga ranar gamawa. Yana da amfani sau ɗaya, don a ga ranar farawa ta ƙarshe. Amma a wannan yanayin tana tura kowane aiki zuwa ƙurewar lokacinsa, har wandon nan mai sararin kwana 16 sai ta ajiye shi a 23 da 24 ga wata. Komai ya zama na gaggawa, babu inda za a yi tuntuɓe a tashi. Da zarar an ga ranar, sai a mai da jadawalin ya riƙa lissafi daga ranar farawa.

Riga arba'in, mai bugu ɗaya

Duk bayanin da ya gabata na riga ɗaya ne. Shago ba riga ɗaya yake karɓa ba.

In aka ƙirga kowane kaya daga baya shi kaɗai, kowanne zai ce zai yiwu. In aka ɗora su a kan juna, sai a ga kaya arba'in duk suna son haɗawa a 23 da 24, duk suna son bugu a 26 da 27, alhali kekuna uku ne a shagon, masu bugun kuma duk unguwa su take jira. Manhajojin kwamfuta suna da maganin wannan: a rubuta wanda zai yi kowane aiki, sai su nuna ranar da aka ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum huɗu, su kuma iya baza ayyukan har nauyin ya daidaita. In an baza, ranar farawa tana ƙara ja da baya, sau da yawa har cikin Sha'aban.

A waya ma ana iya yin lissafin da hannu. Shagon da ke iya haɗa kaftani shida a yini, yana da kwanakin aiki 24 daga ɗaya ga azumi zuwa ashirin da bakwai in an cire Juma'o'i uku, iyakarsa 144 ke nan. Na 145 ba ciniki ba ne, rigima ce aka karɓi kuɗinta. Kwaɗayi a nan yana da uzuri, domin watan nan ne ke ciyar da shago watanni, kuma wanda ya kawo yadin ƙila maƙwabci ne ko abokin mahaifi da ba a iya kallon idonsa a ce a'a. Lamba a allon waya tana rage wannan nauyin. Cewa “Baba, duba, layin ya cika tun jiya” ya fi sauƙin fita daga baki a kan “ba zan iya ba”.

Sai batun kwanakin ko-ta-kwana. Kowa ya san za a sami matsala, don haka kowa yana ƙara wa nasa aikin kwana ɗaya ko biyu a ɓoye. Mai zane ya ce uku alhali biyu ne, mai haɗawa ma haka. Eliyahu Goldratt, a littafinsa Critical Chain na 1997, ya nuna dalilin da ya sa wannan ba ya ceton aiki: wanda aka ba kwana uku yakan jira sai na ƙarshe ya fara, kamar ɗalibin da ke buɗe littafi daren jarrabawa, kuma wanda ya gama da wuri ba ya kawowa da wuri. Sararin ya narke, lattin kuma ya taru. Shawararsa ita ce a cire ƙarin daga kowane aiki, a tara shi wuri ɗaya a ƙarshen jeri inda kowa ke ganinsa.

A manhaja wannan layi ɗaya ne kawai, aikin da babu mai yin sa, a sa masa suna ko-ta-kwana, a ajiye shi tsakanin bugu da ranar miƙawa. In aka ba shi kwana 4 a misalin nan, ranar farawa ta tashi daga 3 ga Maris ta koma Laraba 26 ga Fabrairu. Ba a ma ga watan azumi ba. Duk ranar da wani mataki ya makara, sai a rage daga wannan layin, kuma yawan abin da ya saura a cikinsa ya fi kowace sanda faɗin lafiyar aikin. In rabinsa ya tafi alhali rigar tana wurin mai zane, an san inda aka dosa.

In lissafi ya fita ja

Mafita ba su da yawa, kuma kowacce da farashinta. Ana iya rage aikin: a bar na hannu a yi na inji, kwana 14 su koma ɗaya ko biyu, in mai kaya ya yarda, kuma ya kamata a tambaye shi a ranar, ba ya zo ya tarar ba. Ana iya haɗa matakai, misali a kama layi a wurin masu bugu tun rigar ba ta dawo ba. Ana iya sa kuɗi, a sayi fetur a ƙara awannin dare. Amma duk wannan sai a kan ƙashin bayan jadawali yake da amfani. Kuɗin da aka kashe don wando ya fito da wuri bai rage ko minti ɗaya daga ranar miƙa riga ba.

Mafitar da aka fi gudu zuwa gare ta ita ce ƙara hannu, a ɗauko yara biyu a goman ƙarshe. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a IBM, ya yi bayani a littafinsa na 1975 cewa zuba sababbin mutane a aikin da ya riga ya makara yakan ƙara masa latti, domin tsofaffin hannu ne za su ajiye nasu su koya musu. A shago ma haka ne. Sabon yaro zai iya sa maɓalli da guga, amma wuyan da ya karkace maigida ne zai farke ya sake. Aikin hannu kuwa, in aka canza mai ɗinki a tsakiya, ido yana ganewa.

Ta ƙarshe ita ce a faɗi gaskiya a ba da wata rana. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba a 2025 kwana 68 ne, daga 30 ga Maris zuwa 6 ga Yuni, wanda ya ishi rigar kwana 22 har da ko-ta-kwananta. Babbar Sallah kuma ta fi sauƙin tsarawa, tunda ana sanin ranarta tun ganin watan Zulhajji.

Wace manhaja?

Ba sai an sayi Microsoft Project ba, wanda na kuɗi ne kuma cikakkensa a kan Windows yake aiki. ProjectLibre da GanttProject kyauta ne, ana sauke su a kwamfuta, ba sa buƙatar intanet bayan nan, kuma duka biyun suna ɗaure ayyuka su nuna ƙashin baya. A waya, Trello yana da sauƙi, kati ɗaya ga kowane kaya da ranar miƙa shi, amma ba ya ƙirga baya da kansa, tunatarwa kawai yake yi. Asana, ClickUp da Notion suna da ɗaurin ayyuka da zanen sanduna, sai dai abin da ke kyauta da abin da ke na kuɗi yana canzawa, a duba kafin a kwashe littafin shago a zuba. Zanen Gantt a ƙaramin allo kuma, gaskiya, wahalar ido ne.

Lissafin bai tsaya a kan teloli ba. Ɗalibin ABU ko na Nuhu Bamalli Polytechnic da ke da ranar kare furojet, mai haɗa wa makaranta shafin duba sakamako kafin ranar hutu, mai buga katin biki da kalandar amarya, duk ranar wani suke yi wa aiki, kuma kowannensu yana da nasa mai bugun da ake bin layi a wurinsa, ko malamin da zai sa hannu ne ko injin buga takarda.

Ga shago mai keke uku a cikin birni, takardar Google Sheets mai ginshiƙi biyar ta wadatar: sunan kaya, irin aikin, kwanakin da yake ci, ranar miƙawa, da ginshiƙin ƙarshe mai umarnin nan da ke fitar da ranar farawa. A saman takardar a ware layi uku, ɗaya na aikin hannu, ɗaya na aikin inji, ɗaya na ɗinki zalla, kowanne da ranar rufe karɓarsa. Waɗannan ranaku ukun su ne za a ɗora a WhatsApp tun tsakiyar Sha'aban, a kuma rubuta su da alli a ƙofar shago don waɗanda ba sa duba waya.